Ido Ba Mudu Ba Ne

Wata yarinya 'yar aji huɗu ce ta fara faɗa. Ina bakin allo ina rubuta jadawalin sau bakwai, na juyo ke nan hasken taga ya bugi fuskata, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idonka ya yi ɗorawa." Aji ya kwashe da dariya, na daka musu tsawa, na ci gaba da rubutuna. Amma ana fita tara na zagaya bayan ofis na leƙa madubin babur ɗin hedimasta. Gaskiyar yarinya. Farin idon nan ya koma sai ka ce an dama garin ɗorawa an shafa min.

A ƙarshen daminar 2022 ne, shekarar da ruwa ya ci mu. Duk mutumin ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja bai manta ba. Shinkafata ta fara fid da kai ke nan ruwa ya shafe ta, makarantarmu ta zama masaukin waɗanda ɗakunansu suka zube, ba mu koma aji ba sai da ƙasa ta fara tsanewa. Kowa ka gani a garin a gajiye yake, shi ya sa da kasala ta kama ni ban ɗauke ta a bakin komai ba. Sai zazzaɓi sama-sama, sai abinci ya fita raina. Ni da ba na wuce mai ƙosai da safe, na koma ko warin man na shaƙa sai zuciyata ta tashi. Fitsari kuwa ya yi duhu kamar shayin da aka manta da ganye a ciki. Na je kemis aka haɗa min maganin maleriya, na riƙa watsa farasitamol biyu-biyu kamar mai cin gyaɗa. Kwana goma ina wannan fama kafin yarinyar nan ta tona asiri.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma taka sashena sai da babban dalili. Ran nan da la'asar sai ga ta har ƙofar ɗaki. Ta dube ni sau ɗaya, ta juya wajen maiɗakina kamar da ita take magana.

"Shawara ce. A haƙo saiwar rawaya a jiƙa masa. A daina sa masa mai a miya. Kuma kada wanda ya kuskura ya kai shi inda za a soka masa allura."

Maganar allurar nan ba Inna ce ta ƙirƙiro ta ba, da ita muka tashi. Mai shawara, an ce, in ƙarfe ya shiga jikinsa sai dai a nemi likkafani. Kuma tana da hujjarta. Ƙaninta, kawuna, shawara ta kwantar da shi tun ina yaro, aka kai shi asibiti aka sa masa ruwa, bai kwana uku ba. Abin da ba a sa wa a lissafi shi ne sai da ya yi wata guda a gida, har ya daina gane mutane, sannan aka ɗauke shi. Allura ce abu na ƙarshe da aka ga an yi masa, sai ta kwashi laifin. Yanzu ne bakina yake iya faɗin haka. A lokacin shiru na yi, na karɓi kwanon jiƙo, kwana biyar ina sha safe da yamma, ruwan rawaya yana bin jikin da ya riga ya yi rawaya.

Malamin ƙaramin asibitin garinmu, wanda sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, shi ya riƙe hannuna bayan sallar asuba bai saki ba sai a ofishinsa. Kafin in yi wata magana ya tsira min ɗan tsinke a yatsa ya ɗiga jinin a abin gwajin maleriya. Layi ɗaya ya fito, wato babu maleriya.

"Ka ga dai an soka maka, ga ka nan zaune," in ji shi yana dariya. Sannan ya gyara fuska. "Malam, shawara ba sunan ciwo ba ne. Hayaƙi ce. Abin da ke ci da wuta shi ake nema, ni kuma ba ni da kayan ganowa a nan. Ka tafi babban asibiti a yi maka gwajin hanta, yau ba gobe ba."

Na ce wa Inna za ni sakatariya kan maganar albashi, Allah ya yafe min. Ƙanena ne ya goya ni a babur. Saurayi ne majiyi ƙarfi, shekararsa ashirin da bakwai a lokacin, buhun shanshera shi kaɗai yake ciccibarsa ya ɗora a amalanke, ban taɓa sanin ranar da ciwo ya kwantar da shi ba. Duk Juma'a shi yake min aski, in ya gama in karɓi rezar in yi masa.

Yankar kati da zaman benci ba sai na ba da labarinsu ba, kowa ya sani. Azahar ta kawo jiki kafin a kira ni. Likitan matashi ne, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai duba ni a kujera ba, sai ya ja ni bakin taga, ya ce hasken ƙwan lantarki yana ɓoye rawaya. Ya janye fatar idona, ya sa na ɗaga harshe, ya kwantar da ni ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, na ce wash ba shiri. Daga nan tambayoyi suka fara zuwa kamar a gaban alƙali. Wane ruwa muke sha tun da aka yi ambaliya? An taɓa ƙara min jini? Ina da sikila? Akwai wanda ya yi irin wannan a gidanmu? Jikina yana ƙaiƙayi? Bayan gidana wane launi ne? Wannan ta ƙarshe sai da na sunkuyar da kai kafin na ce ya yi fari-fari kamar farar ƙasa. Ya rubuta. Ya tambayi ƙaho da sakiya da yankan farce a kasuwa, na tuna wata uku baya na yi ƙaho saboda ciwon baya bayan dashen shinkafa. Ya rubuta wannan ma.

Da na faɗi maganar jiƙo na zaci faɗa zai yi. Bai yi ba. Ya ce daga yau in ajiye shi, in ajiye farasitamol ɗin ma, domin duk abin da mutum ya haɗiya, na bature ne ko na gargajiya, hanta ce ke ɗawainiya da shi, kuma jakin da ya gurɗe ba a ƙara masa kaya. Ya ce ruwan ambaliya yana iya kawo ciwon hanta nau'in A ko E, su ta baki suke shiga, kuma E ɗin yana yi wa masu ciki mugun kamu, amma ba zai yi canki-canki ba. Ya cike takarda da haruffa ya miƙo min. Kuɗin da aka lissafa min a wurin biya ya kusa cin kashi ɗaya cikin huɗu na albashina, a shekarar da ba ni da ko dami a rumbu.

A ɗakin gwaji wata malama ce, ta manyanta, mai fara'a. Ta ce in naɗe hannun riga, ta ɗaure min damtse da igiyar roba, ta ce in dunƙule hannu. Ba zan ɓoye ba, da na ga ta ɓare sabon sirinji daga ledarsa muryar Inna na ji a kunnena, kuma na karanta duk abin da ya zo bakina. Ta shafa auduga mai sanyi a gwiwar hannuna ta ciki, ta lalubi jijiya da yatsa, na ji kamar cizon cinnaka, shi ke nan. Jinin da ta ja bai wuce cikin cokalin shayi ba. Na ce, "Malama, iyakarsa ke nan?" Ta ce, "To da nawa kake so? Mutum kamarka yana ɗauke da wajen lita biyar, wannan ko sauro bai ƙoshi ba."

Sai na ga ta yi wani abu. Ta juye jinin a 'yar kwalba, ta rubuta lambata, ta yago takarda ta naɗe kwalbar ruf. Na tambaye ta ko sirri ne. Ta ce a'a, abin da za su auna, bilirubin, haske yana lalata shi. In kwalbar ta daɗe a sarari sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya. Ta ce shi ya sa jaririn da aka haifa ya yi shawara ake kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, hasken ne ke sauya abin yadda jiki zai iya fitar da shi. A wurin na fara jin sunan, sai da ta maimaita sau uku kafin harshena ya kama shi.

Da ta ga malamin makaranta ne mai yawan tambaya, ta bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. Aka jera kwalabe a wani inji mai murfi, ya juya su da gudu na 'yan mintoci. Da ta fito da su jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Ta ɗaga kwalba biyu a gabana, tawa da ta wani. Ruwan nasa fari-fari ne kamar ruwan kara. Nawa kuwa sai ka ce an ɗiga manja. Ta ce sakamako sai gobe, don tara jinin mutane suke yi su auna gaba ɗaya in an ta da janareta. Akwai wani gwajin na tsinke da ta riga ta ga amsarsa tun ina tsaye, na ga ta kalle shi ta kife, amma ta ce bayani na likita ne.

Mun isa gida da magariba, na manta da audugar da ke manne a hannuna. Inna ta gani. Ba ta ce uffan ba. Cikin dare sau biyu ina jin takunta a bakin ƙofata, ta tsaya jim, sai ta ji na yi motsi sannan ta koma.

Washegari likita ya shimfiɗa takardar a tebur ya juyo da ita wajena, abin da na gode masa har yau, don da yawa sai dai su karanta su ninke. Ya ɗora biro a layin farko. Jajayen ƙwayoyin jini, in ji shi, wajen kwana 120 suke yi a raye. In sun tsufa saifa ce ke farfasa su, jiki ya tsince ƙarfen da ke ciki ya adana don sabon jini, cikin abin da ya rage a samu wani launi rawaya, shi ne bilirubin. Kowa yana yin sa kullum, mai lafiya da marar lafiya. A ɗanyensa ba ya haɗuwa da ruwa, kamar man gyaɗa a randa, don haka ba ya bin fitsari. Sai jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi a ruwan matsarmama ya gangara hanji. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san wurin, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake lallaɓawa a yanke don kada ta fashe ta ɓata nama. Bilirubin ɗin nan ne ke rina bayan gida. Nawa ya yi fari ne don rinin ba ya isa hanji, yana komawa jini, ƙoda tana tace shi, fitsari ya yi duhu, saura ya zauna a ido da fata.

A mai lafiya, jimillarsa ba ta wuce 21 a ma'auninsu. Ido ba ya nunawa sai ya kai wajen 40 ko 50. Nawa 148 ne, kuma 102 daga ciki wanda hanta ta riga ta sarrafa ne amma ya kasa wucewa. Ya sauko layi na gaba, ALT. Wannan a cikin ƙwayoyin hanta yake zaune, sai sun ji rauni yake tsiyayowa cikin jini. Bai kamata ya wuce wajen 40 ba. Nawa 1,240. Ɗan'uwansa AST 890. Wani kuma da ke tashi sosai in hanyar matsarmama ta toshe, ya ɗan motsa ne kawai. Albumin, wanda hanta ce ke ƙera shi, yana 38, lafiya lau, alamar ba ta daɗe tana wahala ba.

Sai a hanyar gida, ina bayan babur ina kallon fadama, na fassara wa kaina abin da harshen da na sani. Kogin Haɗeja ta hanya uku yake cin mu. Ko ruwa ya yi yawa daga sama, daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ya fi ƙarfin kogin. Ko gaɓa ta karye a tsakiya. Ko kachalla ta cushe hanya a ƙasa, ruwa ya rasa mafita ya dawo baya. Mai gona dai ruwa kawai yake gani a gonarsa. Haka shawara take. In jini ne ke farfashewa da yawa, kamar a maleriya mai tsanani ko sikila, ɗanyen ne ke taruwa, hanta lafiyarta ƙalau, aiki ne ya fi ƙarfinta. In tsakuwa ce ko ƙari ya toshe hanyar matsarmama, sarrafaffen ne ke dawowa baya, kuma wannan wani lokacin sai an yi aiki. Ni tawa gaɓar ce ta karye a tsakiya. Ido ɗaya, rawaya ɗaya, ciwo uku daban-daban, mu kuwa saiwa ɗaya muke jiƙa wa kowa.

Amma na tsallake layin ƙarshe, wanda malamar nan ta kife. HBsAg, layi biyu. Ciwon hanta nau'in B. Gabana ya faɗi, don na sha jin sunan a rediyo kuma ban taɓa jin sa tare da labari mai daɗi ba. Likita ya ce in saurara tukuna. Babban mutum in ya kamu sabon kamu, fiye da 90 cikin 100 jikinsu yana korar ƙwayar da kansa cikin wata shida. Jariri ne abin ya juye masa: in ya ɗauka wurin haihuwa, tara cikin goma da ita za su zauna. Ko nawa sabon kamu ne, ko tsohon zama ne ya motsa, wata shida ne zai raba gardama. Ya ƙara min gwaji ɗaya, na saurin daskarewar jini, ya ce shi ne ke nuna ko hanta tana neman gazawa, don ita ke haɗa abin da ke tsayar da jini. Ya fito daidai, saboda haka ba a ba ni gado ba.

Na ce, "To Likita, wane magani zan saya?"

Ya ce, "Babu."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce sabon kamu irin wannan hutu yake so, da ruwa mai tsabta, da duk abincin da cikina ya karɓa. Mai ma ba haramun ba ne in zuciyata ba ta tashi. Rake da gwanda da ake ba mai shawara in sha abina, abinci ne, amma kada in ɗauke su magani. Sai ya kira ƙanena ciki ya lissafa masa abin da in ya gani ya ɗauko ni ko tsakar dare ne: amai ba tsayawa, jini daga dasashi ko hanci, barci da rana ido biyu da dare, ko in fara magana ba kan gado, in daina gane mutane. Da ya faɗi ta ƙarshen nan kawuna ya faɗo min a rai. Ashe lokacin da aka ɗauke shi hantar ta riga ta sallama.

Inna da ta ji yadda aka yi, ta riƙe haɓa ta ce wa maiɗakina, "An kwashi kuɗinsa, an kwashi jininsa, an sallamo shi hannu rabbana. Wannan shi ne asibitin?" Ta ci gaba da aiko da jiƙo kullum. Ni kuma ina karɓa da hannu biyu, in ta juya in tuttule shi a gindin zogale.

Abin da ya fi ciwon ci min rai shi ne kwano. Magana ta fita gari, aka ware min kwanona da mazubin ruwana, a majalisa wasu suka koma gaisuwa daga nesa. Alhali likita ya faɗa da bakinsa, nau'in B ba ya bin kwano, ba ya bin musabaha ko buta ko tari ko sauro. Jini yake bi: aska, reza, allurar da aka yi wa wani, kusantar iyali, da uwa zuwa jariri wurin haihuwa. Kuma daga shigarsa zuwa bayyanarsa ana yin wata ɗaya har zuwa shida. Na ƙirga da yatsu, lissafi ya faɗa kan ƙahon nan. Likita bai ɗora wa kowa laifi ba, ni na ɗora. Wanzamin da ya yi wa 'ya'yana uku askin suna, na koma amsa sallamarsa da ƙyar.

Bayan sati biyu aka ce in maimaita gwaji. Ran kasuwa ce, layi ya yi tsawo, sai na ratse wani ɗakin gwaji na 'yan kasuwa da ke ba da sakamako a ranar. Na buɗe takarda a bakin titi, bilirubin 5.6. Daga 148! Na yi hamdala a fili, na sayi tsire na kai gida, na ce na warke. Inna ta ce ai dama ta faɗa, rawaya ba ta ƙarya. Ko madubi ban tsaya tambaya ba, ga ido nan har yanzu kamar ɗorawa. Da na kai wa likita sai da ya yi dariya har da buga tebur. Ya nuna min 'yan ƙananan haruffan da ke gaban lambar. Ma'auni biyu ne: asibiti da maikuromol suke aunawa, wancan wurin da miligiram, kamar mai auna hatsi da gwangwani da mai aunawa da tiya. Sai an ninka na biyun da 17 ake samun na farko. Ni mai koyar da jadawali na ɗauki biro na buga, 95. Sauƙi ne, amma ba wanda na ci tsire a kansa ba. ALT ya sauko 410. Tun daga ranar ba na karanta lamba sai na duba abin da ke gabanta, kuma wuri ɗaya na riƙe don kada a sake rikita ni.

A sati na shida bilirubin 34, ALT 70. Ƙarfi ya dawo, ƙosai ya dawo, amma farin ido bai gama washewa ba, wai launin yana maƙalewa a wurin ya daɗe bayan jini ya yi sauƙi. Mutane suna ta yi min sannu alhali na fi wasunsu lafiya. Gwajin wata uku da ɗoriya ya faɗo a tsakiyar wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, na wuni a gaban mai POS kafin in samu abin biya. Bilirubin 14, ALT 28.

A tsakanin nan ne aka yi na iyali. Maiɗakina layi ɗaya, aka fara mata rigakafi nan take, allura uku: ta farko, ta bayan wata ɗaya, ta wata shida. Yara ma layi ɗaya, kuma da na binciko katunansu na awo ashe duk an yi musu, don tun 2004 aka sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a Najeriya, ta farkon ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mun gama za mu fita malamar ɗakin gwaji ta dubi ƙanena da ke jingine da ƙofa yana kaɗa makullin babur.

"Kai fa, ɗan samari?"

Ya yi dariya. "Ni ai direba ne, Hajiya. Yaya ne marar lafiya. Dubi idona."

Ta duba, fari tas kamar auduga. Ta ce duk da haka ya kawo yatsa. Ya miƙa yana zolayata. Minti goma sha biyar, layi biyu.

Aka yi masa cikakken gwajin hanta irin nawa. Bilirubin 11. ALT 36. Komai daidai, in ban da layin nan. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai san komai ba. Ni da na zama abin nuni a gari, ciwona ihu yake yi. Nasa ko tari ba ya yi, kuma likita ya ce irin wannan ne ke shekara ashirin ko talatin yana sassaƙar hanta a ɓoye, sai ranar da ciki ya kumbura ko aka yi aman jini a ce sammu ne. Ya ce binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya samu wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Ranar Juma'ar da ta biyo na kasa hana kaina ƙirga sahun da ke gabana. Mutum ashirin da biyar, biyu ke nan.

A daren nan na tuna rezar Juma'a. Shekara nawa muna aski da reza ɗaya, ya yanke ni in yanke shi, mu goge da tsumma mu ci gaba. Na tambayi likita, ya ce tana iya zama ita, ƙahon ma yana iya zama shi, kuma neman mai laifi ba zai sauya sakamakon kowa ba. Da safe na bi ta rumfar wanzami na zauna muka gaisa sosai, har ya tambaye ni ko lafiya. Yanzu in za ni wurinsa da sabuwar rezata nake zuwa, kuma na lura ba ni kaɗai ba ne.

Wata shida ya cika cikin azumi, likita ya ce in bari a sha ruwa, don yunwa ma tana ɗan ɗaga bilirubin a jikin wasu. Bayan ƙaramar Sallah muka koma mu biyu a babur ɗaya. Nawa ya fito layi ɗaya. Malamar ta ɗaga tsinken sama ta nuna min, wannan karon ba ta kife ba. Na ƙanena, da nasa wata shidan ya cika, yana nan layi biyu.

Aka tura shi Kano, wurin likitocin hanta a Asibitin Malam Aminu Kano. Can aka ƙirga yawan ƙwayar a jininsa, gwaji mai tsada da sai da muka sayar da tunkiya, aka yi masa hoton ciki. Akwai magani, tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, ba ya kashe ciwon amma yana danne shi. Shi dai zuwa yanzu sun ce bai kai ga buƙatarsa ba, sai dai duk wata shida ya koma a duba. Sun hana shi jiƙe-jiƙe da magungunan ƙarfi na masu lasifika a kasuwa. Sun ja masa kunne kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, don dafin da ke cikinsu in ya haɗu da wannan ƙwaya yana ƙara haɗarin dajin hanta. Shi da yake dumbuzar gyaɗa daga buhu ba dubawa, yanzu sai ya baza ta a tafin hannu yana tsince baƙaƙen.

Likitan Kano ya tambaye shi ko mahaifiyarsa tana raye. Ya ce tana nan. Ya ce wanda ya tashi da ciwon nan tun yana ƙarami, sau da yawa daga uwa ne ko daga askar yarinta, kuma ko don lafiyarta ya kamata a duba ta. Ya rubuta takarda da sunanta.

Ni na kai mata, na durƙusa daga bakin ƙofa na yi bayani iya iyawata, na ce yatsa kawai za a tsira, ko sirinji babu. Ta saurara har na gama tana tsinkar zogale a faifai, zogalen nan da ya sha jiƙo. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa ya bari a gama girbi."

Shinkafar rani ta shiga buhu, ta damina ma ta shiga. Takardar tana cikin aljihun rigar da nake zuwa Juma'a da ita, ta fara yagewa ta wurin ninki, na manne ta da salatif.